Ku Tambaya Mu Amsa: Ƙarfen da ya tsage da katakon da ya yi ciki

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni magini ne a Tawa. Yarona ya lanƙwasa ƙarfen gini lamba 12 ba a inda ya dace ba, da muka zo miƙe shi sai ya tsage daidai gwiwar. Ƙarfen ne jabu, ko hannunmu ne?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Ba lallai laifin ƙarfen ba ne. Duk wani abu mai tauri yana ƙara tsawo idan aka ja shi, ko da ido bai gani ba. Muddin jan bai wuce kima ba, in aka ninka nauyi ƙarin ma ninkawa yake, in aka sake kuma abin ya koma yadda yake. Wani masani ɗan Ingila, Robert Hooke, shi ya wallafa wannan ƙa'ida a 1678.

To amma akwai iyaka. Ƙarfe lamba 12, wato mai kaurin milimita 12, na ajin 400 (lambar da ke nuna ƙarfin jurewarsa) yana jure jan kusan tan 4 da rabi, kuma a lokacin milimita 2 kacal kowace mita ta ƙaru. Da an zarce haka sai jerin ƙwayoyin da ke cikinsa su zame kan juna, ba su dawowa. Ran da yaronka ya lanƙwasa gwiwar nan ya riga ya ƙetare iyakar: bayanta ya miƙe, cikinta ya matse, wurin ya ƙara tauri, laushinsa ya ragu. Da kuka zo gyara, wurin da ya ƙandare kuka sake wa lodi. Duba tsagar da kyau, za ka ga daga gindin zanen jikin ƙarfen ta taso.

Ku riƙa lanƙwasawa a hankali a jikin turken da kaurinsa ya ninka na ƙarfen aƙalla sau 4, wato milimita 48 ga lamba 12. Ban da guduma, ban da gasawa da wutar walda, don wuta tana canza ƙarfinsa. Wanda ya tsage a yanke shi, don Allah kada a binne shi cikin siminti, mutane ne za su kwana a ƙarƙashi. In kana shakkar kayan, yanki sabon guntu ka lanƙwasa sau ɗaya a jikin wannan turke. Ya tsage? Koma wa mai sayarwa.

Tambaya: Ina da shago a Boukoki, Yamai. Na sayo katako a kasuwar Katako aka yi mini kanta mai mita 2. Bayan damina ya yi ciki, ko na sauke gwangwanayen ba ya miƙewa.

Amsa: Hajiya, itace in ya daɗe ɗauke da kaya yakan riƙa saki sannu a hankali, ko da nauyin bai kai na karya shi ba, kuma danshin damina yana hanzarta hakan. Maganin yana ga tazara da kauri. Ki sa kafinta ya kafa tokara a tsakiya: raba tazarar biyu yana rage lotsawar aƙalla sau 16. In aka ninka kaurin katakon biyu, lotsawar sau 8 take raguwa, faɗi kuwa in an ninka, rabi kawai yake ragewa. Shi ya sa siririn katako da aka buga a tsaye a bakin kantar ya fi shimfiɗa wani a kai amfani. Wanda ya riga ya lotsa a kifa shi, gwangwanayen madara da na tumatir kuma ki jera su kusa da tokara.