Amsa: Tura manhajar ɓoye saƙo daga Jidda zuwa Gadarif

Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Ka ce kana son ka zuba GnuPG, manhajar ɓoye saƙo, a filashi ka aika wa ƙaninka a Gadarif ta ƙasar Sudan, amma ka ga gargaɗin dokar Amurka kan fitar da irin wannan manhaja zuwa wasu ƙasashe ka tsorata. Kwantar da hankalinka.

Gargaɗin nan tsohon zance ne. A shekarun 1990 Amurka tana lissafa manhajar ɓoye bayanai mai ƙarfi cikin kayan yaƙi. Phil Zimmermann, wanda ya fitar da PGP, wata manhajar ɓoye saƙo, a 1991, sai da aka yi ta bincikensa har 1996 kafin a rabu da shi. A 2000 aka sassauta. Ita GnuPG ma ba 'yar Amurka ba ce, Werner Koch ya fara ta a Jamus a 1997, kuma rubutun tushenta a fili yake, kowa na iya ɗauka ya raba.

Abin da ya daɗe yana cizon Sudan shi ne takunkumin Amurka. An ɗage mafi yawansa a Oktoban 2017, sannan a Disambar 2020 aka cire ƙasar daga jerin masu tallafa wa ta'addanci. Amma wasu kamfanoni har yau ba su farka ba. Ni kaina a Kassala na danna saukar da wata manhaja, shafin ya ce ƙasarku ba ta cancanta ba, ga data tana ta zuba.

Inda za ka kula: manhajar kuɗi mai lasisi. Wannan kam karanta sharuɗɗanta kafin ka kwafa wa wani. Kuma ka sa ƙaninka ya duba sa-hannun fayil ɗin, wato shaidar dijital da ke nuna ba a taɓa shi ba, kafin ya girka, filashi ya kan kwaso ƙwayar cuta a hanya.