In ruwa ya kai ka Kollo, wa zai maido ka?

Ƙanena, saƙonka ya iso tare da hotunan. Bayan la'asar na sauka da wayar bakin ruwa a nan Gamkalle, unguwarmu ta Yamai, ta yi ta yawo daga hannu zuwa hannu, kowa na yaba jirgin. Wani dattijo da ya tsufa a kan su ya daɗe yana kallo bai ce uffan ba, sannan ya miƙo mini wayar ya ce, "Tambayi ɗan'uwan naka, in ruwa ya kai shi Kollo, wa zai maido shi?" Aka kwashe da dariya, don Kollo gari ne can ƙasa da Yamai, inda ruwa ke gangarawa. Ni ban yi ba, don na san kuɗin da kake shirin zubawa guminka ne na shekaru a Kano.

Ka ce kana son ka sayi irin wannan jirgi ka aje a Yamai, in ka zo hutu ka shiga da ƙugiyarka, sauran shekara kuma in sa yara su yi aiki da shi muna raba riba. Ka kuma tambaya me ya sa mu da muka gaji su har yau muke fama da kwale-kwalen katako. Tambayar ta biyu ta fi ta farko daɗin amsawa, amma bari in fara da jirgin.

Abin da ka gani ƙirar mutanen jihar Oregon ce a Amurka, don kogunansu irin Makenzi, masu saukowa daga tsauni da gudu, cike da duwatsu. Gindinsa shimfiɗaɗɗe, gaba da baya a ɗage kamar ayaba, gefuna a buɗe, tsawonsa wajen mita 5. Matuƙi na zama a tsakiya da filafili biyu, fuskarsa na kallon inda ruwa ya nufa, yana tuƙi da baya don ya rage gudu ya kauce wa dutse, masu ƙugiya kuma suna tsaye suna jifa. Lanƙwasar gindin ce ke sa ya juya nan take. Gwanin jirgi ne a ruwansa. Sai dai tafiyarsa ɗaya ce, daga sama zuwa ƙasa. Inda suka ƙare akwai mota da tirela tana jira, a ɗora shi a koma gida ta kwalta. Rabin jirgin nan mota ce, ita ce ba a nuna maka ba. Kuma da yawansu in sun kama kifin sai su ɗauki hoto su sake shi. Da na faɗa wa mutanenmu haka, wani ya ce to lalle waɗannan sun ƙoshi.

Mu ma muna bin ruwa, kada ka ɗauka baƙon abu ne. Bari in ba ka daren su guda. Bayan isha mutum biyu ke shiga, ɗaya a gaba da raga a tare gabansa, ɗaya a baya da filafili. In an kai tsakiya sai na gaba ya jefa gora, wadda aka ɗaure bakin ragar a jikinta, na baya ya riƙa yanka ruwa a hankali ana sakin raga har ta ƙare. Daga nan ba a tuƙi. Gora na can, jirgi na nan, raga a tsakani kamar labule, ruwa na tafiya da ku duka. Ba hira, ba taba. Igiya na hannun na gaba, da yatsa yake jin abin da ke faruwa a ƙasa: ɗan karkarwa na karfasa daban, fizgar tsage daban, nauyin da ya tsaya cik kuma wannan ba kifi ba ne, kututture ne, sai salati. Fitilun gadar Kennedy na matsowa, dole a naɗe kafin a kai ginshiƙanta. An naɗe, an cire abin da Allah ya bayar. Sai komawa. A nan ake sanin namiji. Ana raɓawa gefe inda ruwa ba shi da ƙarfi, a ɗauki gwangwala ana dogarawa a ƙasa, taku bayan taku, cikin burgu da sauro, har a koma inda aka faro a sake jefawa. Kwale-kwalenmu dogo ne siriri saboda wannan komawar. Naka mai faɗi, mai ɗagaggen hanci, iskar hunturu kaɗai ta ishe shi wasa, balle a ce a tura shi sama da gwangwala.

Sai ruwan kansa. Ku a Kano kun saba da Tiga da Challawa, ruwan dam, kwance wuri guda. Kwara, wadda Zabarmawa ke kira Isa Beri, ta fi kilomita 4,000, kusan 550 a cikin Nijar, kuma a Yamai sau biyu take cika a shekara. Akwai jan ruwa na Agusta da Satumba, ruwan damina da kogunan Sirba da Dargol da Gorouol ke kwasowa daga wajen Burkina, ja wur da laka, ɗauke da itace da shara da abin da ba a faɗa. Shi ne mai shiga gidaje. A Satumbar 2020 ya kai mita 7 a ma'aunin Yamai, ya fasa shinge ya cinye unguwanni a Harobanda, mutanen Kirkisoy da Lamorde suka kwana a makarantu, mu kuma jiragenmu suka koma motocin kwasar katifu da awaki. Sannan akwai baƙin ruwa, wanda ke ba baƙi mamaki. Ruwan saman da aka yi a ƙasar Gini ne, ya tsaya ya bazu a fadamun Mali wata da watanni, ya tace, sai ya iso mana cikin sanyi, ya kai ƙarshen cikarsa wajen Janairu, lokacin da ko ɗigo ba ya sauka daga sama. Daga nan sai ja da baya. Kafin Mayu da Yuni gungu-gungu na yashi sun fito, shanu na ƙetarewa da ƙafa a wasu wurare. Baffa ya sha ba mu labarin Yunin 1985, da kogin ya tsaya cak a Yamai. Yanzu kuma yashi na ƙara cike shi kowace shekara, ga kainuwar nan mai fure da ke toshe hanya ta naɗe raga. Hanyar da ka bi bara, bana tudu ce. Wanda ke zuwa mako biyu a shekara ba zai san wannan ba, ko da jirgin zinariya ya zo.

To, ga abin da na fi so ka fahimta, don shi ne ba a gani daga nesa. Ka san su ne daga bikin Argungu, inda ake buga bindiga dubban mutane su faɗa Matan Fada da homa da gora, kowa ya kama rabonsa. Wannan kamun biki ne, na yini guda. Su na kullum yana da masu shi. Kakanmu da ya taso daga ƙasar Kabi ya biyo ruwa har nan, bai tarar da kogi ba kowa ba. Ya tarar da Sorko, masuntan Zabarmawa da Sonrai, masu jingina asalinsu ga Faran Maka, kuma sunan nan namu na Sarkawa ɗan'uwan nasu ne. Ya kai goro, ya yi gaisuwa, aka nuna masa inda zai ɗaure jirgi. Yau mun yi auratayya, 'ya'yana Zabarmanci ya fi Hausa sauƙi a bakinsu (Inna na ƙorafi duk sanda suka gaishe ta a waya), amma har gobe in magana ta taso a kan ruwa, mun san wa ya riga wa zuwa. Ba ma ɗaga murya a gaban dattawansu. Wasu abubuwan da tsofaffinsu ke yi wa ruwa ba ma yi, ba ma kuma yi musu dariya.

Wuraren bin ruwan nan ba haka kawai suke ba. Mutane ne suka nutse da rani suka ciccire kututture da tsoffin ƙarafa don raga ta wuce lafiya. Saboda haka layi ake bi: wane ya jefa, sai ya yi nisa, sannan wane. In ka zo da sabon jirgi ka faɗa tsakiya ba sallama, ba wanda zai zage ka. Za ka dai wayi gari ba mai gaya maka inda aka shimfiɗa mamari, kuma mamari ƙugiyoyi ne ɗaruruwa a igiya guda, ba ya tambayar kifi ne ko ƙafar Bakano. Ba mai gaya maka cewa dorina ta sauko da ɗanta bayan tsibirin Neni Gungu. Dorina mai ɗa ba ta san fenti ba, kuma doka ta hana a taɓa ta. Labarin nan da ake ba juna da asuba a bakin ruwa, shi ne rabin jarin masunci, kuma ba a sayar da shi. In rigima ta tashi, sarkin ruwa ke sasantawa tun kafin ta kai ga hukuma. Hukumar ma tana nan: ma'aikatan ruwa da gandun daji na neman takardar izinin su, kuma tun dokar 1998 an haramta su da guba ko nakiya.

Batun riba kuwa, jirgi shi ne mafi arha a cikin lissafin. Raga ke cin kuɗi, don ba ta shekara ba ta yage ba. In ka ce inji, Yamaha mai doki 15 ya fi kwale-kwalen da za a ɗaura shi a kai tsada, ga mai, ga ɓarayi masu kwance shi da dare. A wurinmu in an sayar da kifi ana fara cire kuɗin mai da abinci, sannan a fid da kason kayan aiki, saura na waɗanda suka jiƙe. Kuma yawancin kifin an riga an san mai shi tun yana ruwa: matan da ke sara, su suka ranta kuɗin raga, su ke jira da bahonsu da asuba, ba ka isa ka sayar wa wani a kan idonsu ba. Kifin kansa ya ja baya. Giwan ruwa irin wanda sai mutum biyu sun ɗauka, yanzu in an kama guda unguwa ke fitowa kallo. Karfasa ne, kurungu, tarwaɗa, wani lokaci ragon ruwa. Da yawan kifin da ake ci a Yamai ma daga waje ake kawo shi, har da na kwali mai ƙanƙara. Can sama wajen Ayorou, inda iyayenmu ke zuwa su yi watanni, rashin tsaro ya sa ba a tafiya yadda aka saba. An kuma fara gina dam ɗin Kandaji a kan kogin, ranar da aka rufe shi ruwan nan zai sake hali.

Kada ka ce ina hana ka ne don na fi ka wayo. Ni ma na taɓa ɗebo ta da zafi. Shekarun baya na tara 'yan jikkunana na ba wani kafinta ya yi mini jirgi, na ƙi jira a kawo mini na Yawuri kamar yadda Baffa ya ce. Ya kawo shi shuɗi shar, har da suna a gefe. Ashe ɗanyen katako ne ya lulluɓe da fenti. Da sanyi lafiya lau. Da bazara ta buga, na bar shi kwana 3 a kan yashi na tafi biki Dosso, na dawo ina hango rana ta tsakanin alluna. Mun cusa tsumma, mun narka kwalta mun shafe, duk da haka yaro guda aikinsa kenan, kwarfar ruwa da rabin jarka daga fita har dawowa. Tun ranar na gane abin da ya sa tsofaffi ke nutsar da jirgi da gangan in ba za a yi aiki da shi ba: katako a ruwa yake rayuwa. Jirgin da mai shi ke Kano, wa zai nutsar masa, wa zai tsamo?

Don haka ga shawarata, tunda ka nema. Na Amurkan nan ka bar shi a waya. Na katakon ma kada ka saya bana. Ka zo cikin Janairu, lokacin baƙin ruwa, ka yi mako biyu a jirgina. Ba za ka riƙe filafili ba, rabin jarkar nan za a ba ka. Zan kai ka wurin sarkin ruwa ka gaisa, ranar Laraba mu tafi kasuwar Bubon ka ga jirage iri-iri a ɗaure, ka ƙwanƙwasa katako da hannunka, ka ji abin da masu su ke cewa a kansu. In don nishaɗin ƙugiya ne kawai, hayar kwale-kwale da matuƙinsa na yini ba za ta kai kuɗin fentin naka ba, kuma shi zai maido ka. In kuma bayan mako biyun har yanzu ranka na kan jari, akwai wani yaro a nan, maraya ne, hannunsa na da kyau a ruwa, jirgin aro yake fita da shi. Sai mu zauna da shi da dattawa biyu a yi magana a gabansu, a fara da raga.

Ka taho da rigar sanyi mai kauri, sanyin ruwa da asuba ba irin na Kano ba ne. Takalman nan naka masu igiya kuma ka bar su gida. Goron sarkin ruwa ka sayo shi daga can, fari, manya. Ka gaida Inna, ka ce mata busasshen kifinta na nan tafe da direban da ya kawo na bara.