Amsa ga mai tambaya kan littattafan zane masu labarin yaƙi

Hajiya, kin tambaya ko ya dace ki bar ɗanki mai shekara 13 ya riƙa karanta littattafan zane masu labarin yaƙi, domin kina tsoron su mayar masa da kisa abin wasa. Na daɗe ina koyar da tarihi a wata makarantar sakandare a nan Tahoua, kuma na sha shiga aji da irinsu, shi ya sa na ga ya kamata in sa baki.

Tsoronki yana da tushe. Akwai waɗanda aka zana don zuga mutane, kamar Captain America da ya fito a Amurka a 1941, wanda bangonsa na farko ya nuna jarumin yana naushin Hitila. A irin waɗannan, abokin gaba ba shi da uwa ba shi da gida, kuma wanda ya faɗi ba a sake waiwayarsa.

Amma akwai waɗanda masu zanensu suka ɗanɗana yaƙin ko suka gaji raɗaɗinsa. Art Spiegelman ya zana labarin mahaifinsa da ya tsira daga sansanin Auschwitz, wurin da gwamnatin Hitila ta hallaka Yahudawa a Yaƙin Duniya na Biyu, a cikin littafinsa Maus, inda Yahudawa suka fito a siffar ɓeraye, Jamusawa kuma kyanwoyi, har ya samu lambar Pulitzer, babbar lambar yabon marubuta ta Amurka, a 1992. Wanda ya fi ratsa ɗalibaina shi ne Persepolis na Marjane Satrapi, wadda ta yi ƙuruciyarta a Tehran lokacin yaƙin Iran da Iraƙi na 1980 zuwa 1988. Ta nuna yadda ake ba yaran talakawa mabuɗin roba mai ruwan zinariya, a ce musu na Aljanna ne, sannan a tura su fagen daga. Duk wanda ya san yadda ake yaudarar matasa a yankinmu ba ya bukatar fassara.

Akwai shafin da makami ya rushe gidan maƙwabtansu, yarinyar ta hango awarwaron ƙawarta a cikin ɓaraguzai, sai mai zanen ta bar akwatin zane na ƙarshe a shafin baƙi ƙirin. Wata ɗalibata da iyayenta suka baro wajen Tillia bayan hare-haren 2021, yarinya ce da ba ta cika magana ba, ta ɗora yatsa a kan baƙin nan ta ce, "Malam, wannan ta gani da idonta." Na kasa ci gaba da darasi ranar.

Shawarata ita ce ki riga shi karantawa, ki duba ko littafin yana tsayawa a kan wanda aka kashe da waɗanda ya bari. Persepolis za ku iya karanta kashinsa na farko tare. Déogratias kuwa, na Jean-Philippe Stassen a kan kisan ƙare dangi na Ruwanda a 1994, ki ajiye masa shi sai ya ƙara girma, domin ko ni da furfurata sai da ya hana ni barci.