Haɗa kwamfuta biyu kai tsaye da waya

Malam, ka tambaya ko dole sai ka sayi wayar crossover, wato wayar sadarwa (Ethernet) da aka sauya jerin layukanta a kai ɗaya, kafin ka kwashe fayiloli daga tsohuwar kwamfutarka zuwa sabuwa. Ya danganta da tsufan injinan.

Tsofaffin katunan sadarwa suna aika saƙo ta layi na 1 da na 2 na cikin wayar, su karɓa ta na 3 da na 6. In ka haɗa biyu da waya ta yau da kullum, baki ya fuskanci baki, kunne ya fuskanci kunne, babu mai jin wani. Shi ya sa a wayar crossover ake sauya jerin layukan: kai ɗaya a bi tsarin T568A, ɗayan T568B, wato layuka masu launin ruwan lemo da kore su yi musayar wuri. Amma katunan gigabit, wato sababbi masu sauri, kusan duka suna da Auto MDI-X, su suke juyawa da kansu, kuma ko ɗaya kaɗai ke da shi ya isa. Don haka gwada wayar da ke hannunka tukuna, kada ka yi asarar kuɗi.

Inda mutane suka fi makalewa shi ne adireshin IP, lambar da ake gane kowace kwamfuta da ita a kan sadarwa. Babu rauta da zai raba muku, sai ka sa da hannu: ɗaya 192.168.1.1, ɗayar 192.168.1.2, duka da 255.255.255.0 a gurbin subnet mask. Sai ka buga ping, umarnin da ke gwada ko ɗayar kwamfutar tana amsawa, ka gani. In ba ta amsa ba, galibi katangar tsaron Windows ce ta toshe. Kunna rabon fayiloli a kwamfutocin biyu.

Kada dai wayar ta wuce mita 100.