Ga mai neman kwamfiresan jita da zai rina masa sauti

Wa alaikumus salam, ƙanena. Tun daren jiya na ga tambayarka, amma muna wajen biki a wata istiraha, wato gidan shaƙatawa na haya, can bayan Abhur a gefen Jidda, sai yanzu na samu zama. Ka ce jitarka Squier ce mai fikof sirara guda uku (abin ɗaukar sautin tsirkiya ke nan), kana kiɗan Agadas da ɗan na Sudan, riyal 300 ne a hannunka, kuma kana son kwamfiresa, fedar nan mai matse sautin jita, wanda in ka taka shi kowa zai san an taka wani abu. Waɗanda suka ce maka ka daure ka tara kuɗin kwamfiresan Keeley mai tsada ba su yi ƙarya a kan ingancinsa ba, sai dai ba su karanta tambayarka har ƙarshe ba.

Shekara goma sha ɗaya ke nan ina yawo da jita daga wannan ɗakin biki zuwa wancan a Jidda, kuma ga abin da na gano: rinin da kake nema yana cikin masu arha. Yawancin kuɗin da ake ɗorawa a kan masu tsada ladan wanke rinin ne, don sautin ya fito yadda ya shiga. To kai da kake son tufarka ta sha baba, me zai kai ka wajen mai wanki?

Bari in fara da abin da akwatin yake yi, don in ka gane wannan ba mai sake ruɗa ka da suna. Duk tsirkiyar da ka kaɗa, sautinta yana da kai yana da wutsiya. Kan shi ne "tas" ɗin farko da risha, ɗan abin kaɗa tsirkiya, take yi, wutsiyar kuma amon da ke biyo baya yana mutuwa a hankali. Kwamfiresa yana danne kan, ya ɗaga wutsiyar. Rinin yana shigowa ne ta yadda yake dannewar: da wane sauri yake cafke kan, da wane sauri yake saki, da kuma abin da yake yi wa kaifin sauti a hanya. Wani in ya cafke sai ka ji wani "fof" kamar an zare marfin kwalba. Wani yana cinye kaifin sama ya bar maka tsakiya mai kauri. Injiniyan situdiyo zai kira waɗannan aibi. Mu su muke saye.

Uban gidan wannan dangi shi ne MXR Dyna Comp, ɗan jan akwatin nan mai abin murɗawa biyu kacal, Output da Sensitivity. Tun shekarun 1970 yake, kuma ya yi suna ne da wani ɗan guntun cif mai lamba CA3080. Makaɗan Nashbil a Amurka da shi suka gina sautin nan nasu mai tsalle kamar kaza na tsattsagar gero. Ba shi da ladabi ko kaɗan. Yana cafke kan sauti da sauri, yana rage ƙasa, yana turo tsakiya gaba, ba ya kuma tambayarka yadda kake so. Daga baya kamfanin Ross ya ɗauki tsarin nan ya ɗan gyara, ya fitar da nasa mai ruwan toka, wanda ya fi duhu da ɗumi. Keeley ɗin da ake ta yabo da Xotic SP duk jikokin Ross ne, an dai ƙara musu abin gauraya sautin asali da wanda aka matse, wato hanyar rage rini. Ka ga inda kuɗin yake tafiya.

A cikin riyal 300 ɗinka, hanya biyu ce zuwa wannan sautin. Ko ka samu Dyna Comp na hannu a Haraj, kasuwar kayan hannu, in Allah ya haɗa ka da wanda ya gaji da shi, ko ka sayi Joyo JF-10 sabo, wanda suka sa wa suna Dyna Compressor. Joyo ɗin daga Shenzhen yake, akwatinsa ƙarfe ne, yana da Sustain da Attack da Level. Shi ne a ƙafata shekara huɗu, kuma har yau in za ni bikin da na san yara za su yi ta tattaka kaya, shi nake ɗauka in bar MXR a gida.

Ga dalilin da ya sa na manne wa wannan dangin. Ƙungiyar da nake bi yawancinsu Sudanawa ne, kuma ka san kiɗansu: mai fiyano ya cika ko'ina, ganga daga cikin fiyanon, bes daga cikin fiyanon, har algaita in ya ga dama. Mai jita yana can gefe yana yankan ƙananan notoci a kan ma'aunin nan nasu mai hawa biyar. Kafin in sayi kwamfiresa, in na kaɗa a hankali ba a ji na, in na kaɗa da ƙarfi mai riƙe da miksa ya harare ni ya rage ni. Daren farko da na taka Joyo, na ajiye Sustain, abin da ke ƙara matsi, a wajen ƙarfe goma sha ɗaya in ka ɗauki abin murɗawar kamar fuskar agogo, na ɗan ɗaga Level, sai ga jitar ta sami gurbinta tsakanin muryar mawaƙi da fiyano, kowace nota daidai da 'yar'uwarta kamar an jera ƙwai a kwali. Mai fiyanon, dattijo ne ɗan Kasala da Hausarsa ta fi tawa tsufa, ya juyo ya ce, "Yaro, yau ka canza tsirkiya ne?" Ban canza komai ba. Tsirkiyoyin ma wata uku suka yi a jiki, har sun fara tsatsa.

Amma fa akwai inda ya ba ni kunya, kuma wannan ya shafe ka kai tsaye tunda ka ambaci Agadas. Kiɗan can ya dogara da yatsa: babban yatsa yana riƙe da tsirkiyar ƙasa tana ta gurnani ba ta tsayawa, sauran suna gudu a sama da ɗan bugu da ɗan fizge. Daɗin abin yana cikin bambancin nan, wata nota ta yi tsawa wata ta yi raɗa. In ka murɗa Sustain ya wuce ƙarfe ɗaya, tsirkiyar ƙasan za ta riƙa jan akwatin, duk lokacin da babban yatsa ya sauka sai notocin sama su nutse su sake tasowa, kamar mai numfashi da ƙyar. Na taɓa yin haka a wani zaman shayi da 'yan Nijar a unguwar Karantina, wani yaro da bai kai ƙanena na uku ba ya karɓi jitar, ya kashe fedar da ƙafarsa ba tare da ya ce uffan ba, ya kaɗa. Sautinsa ya fi nawa rai nesa ba kusa ba. Tun ranar, in kiɗan Agadas ne, ƙarfe tara nake tsayawa, iyaka goma.

Don haka in Agadas ta fi Sudan yawa a hannunka, ka duba Mooer Yellow Comp kafin ka yanke. Shi wani dangi ne dabam, mai aiki da haske: a ciki akwai 'yar fitila da wani abu mai jin haske a gabanta, in sauti ya yi ƙarfi fitilar ta ƙara haske, abin ya rage sautin. Wannan hanyar tana da ɗan nawa, kuma nawar ce amfaninta, domin kafin ya farga kan notar ya riga ya wuce. Ba ka samun "fof" ɗin Dyna, sai wani irin santsi da ƙiba. An kwaikwayi kwamfiresan Diamond ne na Kanada, wanda ya ninka shi kuɗi. Abin murɗawar da aka rubuta wa EQ shi ne sirrinsa: ka yi hagu sauti ya yi duhu da kauri, ka yi dama ya yi haske. Rininsa bai kai na Dyna kamawa ba, gaskiya, amma kai kake zaɓar launin. Aibinsa ƙanƙanta. Ba wurin batir a ciki, dole sai da adafta, kuma biyu daga cikin abin murɗawar ƙanana ne sosai, a duhun dandamali sai ka haska waya kafin ka ga inda suke.

Boss CS-3 kuwa, wanda ya fito tun 1986 kuma har yau ana yin sa, zai iya yiwuwa shi za ka fi cin karo da shi na hannu. Ƙarfe ne da ko mota ta taka shi sai dai a duba tayar. Yana da Tone da Attack, yana matsewa sosai, amma ni sautinsa bai taɓa shiga raina ba, akwai wani sanyi a cikinsa kamar ɗakin asibiti, kuma da ka ɗaga Sustain sai "shuuu" ta taso. Behringer CS400 kwafinsa ne a akwatin roba, kuɗinsa bai taka kara ya karya ba. In a ɗaki za ka riƙa kiɗa, ya isa. In biki ne, roba da takalmin ɗan rawa ba sa shiri. Akwai kuma tsohon Orange Squeezer na Dan Armstrong mai ɗan ƙaiƙayi a sauti, sai dai ban taɓa ganin ko kwafinsa a hannun kowa a nan ba, kada ka ɓata lokaci.

Yanzu maganar "shuu" da ƙugi, wadda ita ce take sa mutane su sayar da kwamfiresa bayan sati biyu suna cewa ya lalace. Bai lalace ba. Aikinsa ne ya ɗaga duk abin da ya yi ƙasa, shi kuma bai san bambancin wutsiyar nota da ƙugin lantarki ba. Fikof sirara irin naka suna kwasar ƙugin wuta, a istiraha kuma ga fitilun ado, ga na'urorin sanyaya ɗaki, ga allon hoto, duk a layi ɗaya. Da ka daina kaɗawa sai akwatin ya buɗe baki ya ɗago duk wannan tarkace. Maganin da ba ya cin ko sisi: ka sa makunnin fikof a matsayi na biyu ko na huɗu, inda biyu suke haɗuwa, a yawancin irin jitarka ƙugin yana raguwa sosai a nan. Ka saba da rufe bolum ɗin jita da ƙaramin yatsa tsakanin waƙa da waƙa. Kuma kwamfiresa ya zama na farko bayan jita, kafin duk wata feda mai ƙazanta sauti. In ka sa shi a bayanta, hayaniyarta zai ɗauka ya ninka maka.

Daga cikin 300 ɗin nan ka ware wani abu don adafta ta kirki. Fedojin nan duk bolt 9 suke ci, kuma tsakiyar bakin wayar ita ce nagatif, akasin yawancin adaftocin gida. Kwamfiresana na farko a nan ya mutu. Na manta tawa a gida, wani ya miƙo min ta na'urar intanet, bolt 12, bakin ya shiga daidai kamar don shi aka yi. Ko ƙara bai yi ba, wari kawai na ji. Sannan ka tuna tsofaffin gidajen Jidda har yanzu wasu suna da soket iri biyu, na bolt 127 (wanda ake ce wa 110) da na 220, in adaftar daga Amurka aka zo da ita ka karanta bayanta kafin ka soka. Dyna Comp da Joyo suna karɓar batir, kuma ba su da ci, batir ɗaya yana daɗewa, in dai kana zare wayar shiga bayan ka gama. Batir ma ya fi kowace adafta shiru. Kada dai ka bar shi cikin mota da rana a watan Yuli.

In za ka sayi na hannu, ka tafi da jitarka da wayarka, kada ka gwada da ta mai kaya. Abu na farko, ka daidaita Level har ƙarfin sauti ya zama ɗaya ko an taka ko ba a taka ba. Kunne maƙaryaci ne, duk abin da ya fi ƙara sai ya ce maka ya fi daɗi, masu sayarwa kuma sun san haka. Sai bayan ka daidaita za ka ji rinin tsantsa. Ka murɗa kowane abu daga farko zuwa ƙarshe kana saurare; in ka ji ƙaras-ƙaras, yawanci raɓar teku ce ta shiga, feshin wanke lantarki yana gyara shi, amma ka nemi ragi a kai. Ka taka makunnin sau goma a jere, ka girgiza wayar a bakin shigarta, ka buɗe wurin batir ka duba ko ya taɓa zubewa. In kuma sabo za ka yi oda ta intanet, ka duba ko kuɗin da aka rubuta ya haɗa da harajin kashi 15 da kuɗin kawowa, don na ga wanda ya yi murnar arha har kaya suka iso ya tarar bai tsira da komai ba.

Da ni ne kai, da Squier a hannu da bukukuwan Sudanawa a gaba, Joyo zan ɗauka da adafta mai kyau, canjin in sayi tsirkiya kwali biyu. In zaman shayi da kiɗan yatsa ya fi yawa, Mooer. Dukansu biyun suna wurina, MXR ɗin ma haka. Ranar Juma'a bayan la'asar ina gida a Hindawiyya, ka yi min magana ta akwatin sirri in kwatanta maka. Ka zo da jitarka, amfilifaya akwai, sai dai maƙwabcina na sama ba ya son a wuce magariba.