Amsa ga ɗan ƙanena game da godiyar kaka a shekarar tsanani

Ɗana, saƙonka ya iso ni lafiya. Ka tambaya ko dole ne ka shiga godiyar kaka ta bana, wato sujadar gode wa Allah domin amfanin gona, alhali albashinka ba ya kai ka ƙarshen wata, kuma ka ce kana ganin kamar munafunci ne mutum ya nufi bagade da rawa yana ɗauke da damin dawa, a gida kuwa ana auna wa yara tuwo. Ban ga laifin tambayar ba, domin tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023 babu gidan da bai ji a jikinsa ba, kuma manomin da ya sayi taki a daminar nan ya fi kowa sani.

Sai dai ka sani cewa ba masu wadata ne suka bar mana wannan al'ada ba. Likita Miller na CMS, ƙungiyar mishan ta Anglican daga Ingila, ya zauna a birnin Zariya tun 1905, kuma sai a 1929 aka koma Wusasa, inda aka gina majami'ar St. Bartholomew. Kafin nan, wasu daga cikin masu bi na farko sun kafa mazauni a Gimi, wani ƙauye a ƙasar Zazzau, ciwon barci ya shiga cikinsu ya kashe mutane da yawa. Zuriyar waɗanda suka tsira ne muka tashi muka gani suna ware damin farko tun a gona, kafin a kai ko zangarniya ɗaya rumbu. A shekarar fari ta 1973 ina saurayi, kuma na ga tsofaffin da gonarsu ta ƙone sun zo sujada da mudun gyaɗa ko ƙwai biyu a ƙwarya, babu wanda ya dube su da raini.

Tushen abin yana cikin Littafi Mai Tsarki. Kubawar Shari'a sura 26 ta umarci manomi ya kawo nunan fari a kwando, ya tsaya ya faɗi da bakinsa cewa kakanninsa sun sha wuya a Masar kuma Ubangiji ya fitar da su. Ka lura, ba a ce ya ɓoye wahalar ba. Da ita ma yake fara maganarsa. Annabi Habakkuk a sura 3 ya lissafa ɓauren da bai yi toho ba, da gonakin da ba su ba da abinci ba, da garken da ya ƙare, sannan ya ce duk da haka zai yi murna da Ubangiji. Manzo Bulus kuma yana ɗaure ne sa'ad da ya rubuta wa Filibiyawa cewa ya koyi zama da wadar zuci, a ƙoshi da kuma a yunwa. Tun da ya ce koyo ya yi, ashe shi ma ba da ita aka haife shi ba, don haka kada ka zargi kanka idan zuciyarka tana gardama.

Wadar zuci kuwa ba ta hana ka neman ƙarin aiki, ba ta hana ka tambayar haƙƙinka a wurin wanda ya riƙe maka, kuma ba ta hana ka faɗa wa shugabanni cewa talaka yana shan wuya. Abin da take hanawa shi ne hassadar maƙwabci, da cin amana a wurin aiki da hujjar cewa zamani ya yi tsanani.

Inda na yarda da kai shi ne sabon salon da ya shigo wasu majami'u, na kiran suna da faɗin adadin kuɗi a lasifika, har a mayar da gwanjon kayan godiya fagen nuna arziki. Wannan ba gadonmu ba ne, kuma na sha faɗa a taron dattawa. A da, zumuntar mata ce take ware hatsi domin gwauraye da marayu da majinyata, kuma sau da yawa matar da ta kawo mudu ɗaya da safe takan tarar an aika mata da tiya da yamma. Yesu ya yabi gwauruwar da ta zuba anini biyu fiye da attajirai, a Markus sura 12, kuma 2 Korantiyawa 8:12 ta ce ana karɓar baiko gwargwadon abin da mutum yake da shi.

Saboda haka kada ka ci bashi, kada kuma ka taɓa kuɗin makarantar yara. Ku zauna da maiɗakinka ku ware abin da ba zai cutar da gida ba, ko da mudun wake ne daga kasuwar Sabon Gari, ka ba babban yaronka ya ɗauka, ka kuma gaya masa dalili a hanya. Idan kun taso sujada ku biyo ta gida, innarka ta ajiye muku ɗan buhun masara daga gonar bayan gari. Ka gaishe da mutanen gidan.

Baffanka.