Yadda za ka riƙe kalmomin girgizar ƙasa da guguwa a darasin jogarafi

Wa alaikumus salam. Ƙanena, ka ce jarrabawa ta matso, an ba ku jerin kalmomin girgizar ƙasa da aman wuta da guguwa, ka haddace su tsaf, amma da an juya tambaya sai su cakuɗe maka. Na daɗe ina koyar da wannan darasi a sakandare, ina kuma duba takardun ɗalibai. Abin da na gani shi ne hadda kaɗai ba ta riƙe su. Sai ka ɗaura kowace kalma a kan wani abu da ya faru a garin da za ka iya nunawa a taswira.

Fara da bambancin haɗari da bala'i, don nan maki ya fi zubewa. Haɗari shi ne abin da ka iya cutarwa, ba ya zama bala'i sai ya afka wa jama'a ya fi ƙarfinsu. A Janairun 2010 girgizar ƙasa mai maki 7.0 ta faɗa wa Haiti, sama da mutum 100,000 suka rasu. A Fabrairun shekarar aka yi mai maki 8.8 a Chile, ƙarfinta ya ninka na Haiti kusan sau 500, amma waɗanda suka rasu ba su kai 600 ba. Chile na da dokar gini mai tsauri kuma ana bin ta, a Haiti kuwa gidajen bulo ne marasa isasshen rodi, cunkushe a jikin tuddai. Wannan shi ne raunin al'umma da littafinku ke magana a kai.

Misalin nan guda zai ba ka kalmomi huɗu. Girman girgiza adadi ɗaya ne, kuma kowane ƙarin maki ɗaya ninki kusan 32 ne na ƙarfi, ba ɗan ƙari ba. Tsananinta kuwa, wanda ake aunawa da ma'aunin Mercalli daga mataki 1 zuwa 12, ɓarnar da aka gani ce da abin da mutane suka ji, shi ya sa yake bambanta daga unguwa zuwa unguwa. Sai tushen girgiza, wato inda dutse ya tsage a can cikin ƙasa, da cibiyarta ta sama, wurin da ke daidai kansa a doron ƙasa. Tushen ta Haiti zurfinsa kilomita 13 ne kacal, cibiyar kuma kimanin kilomita 25 daga babban birnin. Kusa, kuma ba zurfi.

Farantan ɓawon ƙasa kuwa, wato manyan gutsattsarin dutse da suka lulluɓe duniya suna motsi a hankali, a aji littattafan rubutu biyu nake ɗorawa a tebur. In na tura su gaba da gaba sai shafuka su lanƙwashe su taso, in ce ga Himalaya, inda farantin Indiya ke tunkuɗar na Turai da Asiya. In na cusa ɗaya ƙarƙashin ɗaya, ga gaɓar Chile da Japan, masu manyan girgiza da aman wuta. In na ja su baya, ga tsagin Gabashin Afirka da ya ratsa Habasha da Kenya. In na goga su gefe da gefe sai su cije, su cije, sannan su fizge, kamar yadda ya faru a Turkiyya da Siriya ranar 6 ga Fabrairun 2023, inda mutum sama da 50,000 suka rasu. Gwada da hannunka yau da dare.

Narkakken dutse yana cikin ƙasa sunansa magma, ya fito waje ya zama laba. Amma kada ka ɗauka haɗarin tsauni wuta ce kawai. A Agustan 1986 tafkin Nyos na Kamaru, wanda ke cikin bakin tsohon dutse mai aman wuta, ya saki iskar kabon da ta kwarara cikin kwaruruka da dare, ta kashe mutum kusan 1,700 da dabbobi dubbai, ba tare da ta rushe gidajensu ba.

Abu biyu da ɗalibai ke yawan haɗawa su ne sunami da tunkuɗowar teku. Ta farko manyan igiyoyin ruwa ce, motsin ƙasan teku ke haifar da ita, irin ta Sumatra a Disambar 2004. Ta biyu iskar guguwa ce ke turo ruwa kan tudu, kamar a New Orleans ta Amurka lokacin guguwar Katrina a 2005. Ita kanta guguwar teku abu ɗaya ce mai suna uku: hariken a Atlantika, taifun wajen Filifin da Japan, saiklon a tekun Indiya, irin Idai da ta ragargaza Beira ta Mozambik a 2019. Tana buƙatar ruwan teku mai ɗumin kusan digiri 27, kuma ba ta samun wannan matsayi sai gudun iskarta ya kai kilomita 119 a awa. Tsakiyarta, idon, lafiya lau yake, bangon da ya kewaye shi ne ya fi muni. Iskar farkon damina da ke yaye mana kwanon rufi ba ita ba ce, ko da yake hadarin da ke wuce mu ya nufi yamma wani lokaci shi ne ke girma a tekun kusa da Cape Verde ya zama hariken.

Ambaliya ba sai na kai ka nesa ba, amma ka rarrabe ta. Akwai ta kogi mai tasowa a hankali, kamar 2012 da 2022 lokacin da Binuwai da Neja suka cika, ga ruwan da aka saki daga dam ɗin Lagdo na Kamaru, Lokoja ta nutse. Akwai ta farat ɗaya bayan mamakon ruwa, irin ta Mokwa a Mayun 2025. Ta Maiduguri a Satumban 2024 kuwa ɓallewar dam ɗin Alau ce ta kawo ta, don haka in an tambaye ka musabbabinta, ka rubuta ruwan sama da halin da dam ɗin yake ciki, duka biyun.